Rabin Rabi

Ran Talata a Samaru, Malam Barau
ya ja layi a allo da guntun alli,
ya ce: Daga nan zuwa bango taku takwas ne.
Yi rabi. Ka yi? To, yi rabin abin da ya saura.
Sake rabi. Sake.
Yaushe za ka taɓa bango?
Aji ya yi tsit, sai kukan fanka.

Na sa tambayar a aljihu tare da kuɗin mota.
Kwangila, rabin hanya.
Sabon Gari, rabin saura.
Tudun Wada, rabin sauran saura.
A Ƙofar Doka na sauka ina kallon ƙafata
kamar wadda ta yi mini ƙarya.

Gwaggo Tasalla tana bakin murhu.
Na kwashe duka na zuba mata.
Ta ce: Kai ɗan nan, ka iso ko ba ka iso ba?
In ba ka iso ba, wa zan kwasa wa tuwo?

Amma bayan isha na ga ta kwance haɓar zane,
ta fito da goro ɗaya, ɗan daushe, ta ɓare shi.
Ta ce: Malaminku ya yi mini arziki.
Yau in ci rabi, gobe rabin saura,
goro ɗaya ya kai ni tashin duniya,
mai goron bakin kasuwa ya nemi wata sana'a.
Kwana goma tana yi tana dariya.
Ran na sha ɗaya wuƙa ta kasa kama abin da ya rage.
Ta ce: Wuƙa ce ta gaji, goro yana nan.
Ta mayar da shi, ta ƙulle.

Sati uku tsakani aka kai ta Shika.
Gado na huɗu daga taga,
ruwa yana ɗiga daga leda zuwa jijiya,
ni a kujerar roba ina ƙirga numfashi.
Likita ya ce kwana biyu, in an yi sa'a.
Ɗaya ya wuce, na ce ai da saura.
Na shiga rabon lokaci
kamar alƙalin da magada suka ƙi ƙare masa:
wuni, rabin wuni, awa, rabin awa,
minti, ƙiftawar ido, rabin ƙiftawa.
Ban taɓa son mutum ya yi gaskiya ba
irin yadda na so Malam Barau ya yi ta a daren nan.
In dai akwai rabi, akwai saura.
In dai akwai saura, tana nan.

Ladan ya ɗaga murya a bayan asibiti.
Bai kai ƙarshen kira ba
ta taɓa bango.

Bayan sadakar bakwai na koma aji.
Ashe darasin yana da kashi na biyu,
an yi shi ba na nan.
Na ari littafin Asabe na kwafa:
rabi da rubu'i da sumuni da duk ƙannensu,
waɗanda ba mai gama kiran sunansu,
in aka tara su wuri guda, ɗaya ne cif.
Abin da ba ya ƙarewa
ya kwanta lafiya cikin abin da ya ƙare.

Na yarda da lissafin. Na ma ci jarrabawar.

Sai dai ranar da mata suke naɗe kayanta
aka kwance haɓar zanen nan,
wani ɗan mitsitsi ja ya faɗo kan tabarma,
bai fi ƙwayar gero ba.
Za a share shi, na ce a ba ni.

Yana cikin kwalin ashana a bakin tagata.
Wani daren nakan ɗauko sabuwar reza,
in buɗe, in duba, in mayar.
Har yau ban san wanne nake tsoro ba:
in sa reza ya ƙi rabuwa,
ko ya rabu.